Neman aiki a Accra: gyara jakar takardunka kafin ka je gaban Alhaji

Mu 'yan zango ba jama'a muka rasa ba. Duk wanda ya tashi a Nima ko Mamobi ko Sabon Zango ko Fadama ya san wani wanda ya san wani, kawunka direba ne a Tema, maƙwabciyarku nas ce a asibiti, wanda kuke tsayuwa sahu ɗaya da shi da asuba yana da shagon kayan mota a Abossey Okai. Inda muke faɗuwa shine ranar da mutumin nan ya ce "to madalla, kawo takardunka gobe da safe", sai ka ga saurayi ya fara kame-kame, satifiket na wajen yayarsa a Kumasi, Ghana Card ya ɓata tun bara, CV kuma yana cikin wata waya da ta faɗa kwata lokacin damina. Kafin ya harhaɗa an ba wani. Shi yasa ni in aka tambaye ni ta ina ake fara neman aiki a garin nan ba na cewa Jobberman ko LinkedIn, cewa nake a fara da jakar takardu.

Ɗauko duk wata takarda da kake da ita ka baje a kan tabarma, takardar haihuwa, satifiket na BECE, na WASSCE, Ghana Card, lasin tuƙi, fasfo in akwai. Karanta sunan da ke kan kowacce harafi bayan harafi. Da yawanmu za su tarar a nan an rubuta Abdul-Rahman, a can Abdulrahaman, a wata kuma Rahman kawai, don malamin da ya fara rubuta sunan a aji ɗaya yadda kunnensa ya ji haka ya zuba a rajista kuma ba wanda ya duba. Wani a takarda ɗaya sunan babansa ne a gaba, a ɗayar sunan kakansa ko na kawun da ya riƙe shi ya sa shi makaranta. Mu a unguwa mun san mutum ɗaya ne. Kwamfutar da ke tantance masu neman aiki ba ta san haka ba, kuma yarinyar da ke zaune a ofis da takardun mutum ɗari biyu a gabanta ba za ta kira ka ta ji tarihin gidanku ba, gefe za ta tura fayil ɗinka ta ɗauki na gaba.

Maganin ba mai wuya ba ne amma yana cin lokaci. Za ka yi afidabit, wato rantsuwa a rubuce gaban kwamishinan rantsuwa, ana samunsu a harabar kotu, cewa duk sunayen nan naka ne kuma ga wanda kake so ya tsaya, daga nan ka kai Ghana Publishing Company, inda aka fi sani da Assembly Press, a buga a gazet. Takardar gazet ɗin ita za ka dinga liƙawa a bayan satifiket ɗinka duk inda za ka. Ranar haihuwa ta fi suna wuyar gyara, sai ka bi ofishin da ya ba da takardar da kanka da hujja a hannu. Don Allah kada ka sa biro ka gyara, kada kuma ka miƙa wa goro boy a bakin get ya ce zai yi maka cikin kwana biyu, takardar jabu in aka kama ba aikin kaɗai za ka rasa ba. Ka yi wannan yanzu da ba wanda ke jiranka, ba ranar da aka buɗe ɗaukar ma'aikata saura mako ɗaya a rufe ba.

Ghana Card ba sai na yi dogon bayani ba, tun Afrilun 2021 lambarsa ce lambar harajinka, an kuma haɗa ta da lambar SSNIT, wato hukumar fansho, banki na nema, layin waya na nema, to ba kamfanin kirki da zai sa ka a takardar albashi babu shi. In ya ɓata ko akwai kuskure, ofishin NIA, hukumar da ke ba da katin. Wanda ya gama jami'a ko kwaleji kuma satifiket na sabis, wato bautar ƙasa, dole ne, wasu sun gama shekarar tasu amma har yau ba su je sun karɓa ba. Sauran ya danganta da aikin da kake nema. Direba, ka duba ajin lasin ɗinka da ranar da zai mutu, B na ƙaramar mota ne, ba za ka je neman tuƙin tirela da shi ba, DVLA, hukumar lasin tuƙi, na nan. Mai neman aikin abinci, otal ko gidan burodi, ana son takardar gwajin lafiya daga asambili, wato ƙaramar hukuma. Aikin gadi ko duk inda za a damƙa maka kuɗi, sau da yawa za su ce ka kawo takardar 'yan sanda da ke nuna ba ka da laifi, hedikwatar CID ke bayarwa. Mai sana'ar hannu, in ka yi shekaru wajen masta ba ka da ko takarda ɗaya, ka je ka zauna jarrabawar gwajin sana'a wadda aka fi sani da NVTI, hannunka ya riga ya iya, tambarin ne kawai babu, kuma kamfanonin gini da masana'antu tambarin suke fara tambaya. Sannan ka san adireshin GhanaPost GPS na gidanku da ka, fom da yawa suna da gurbinsa.

In ka gama haɗawa, ɗauki hoton kowacce takarda tsaf a wajen haske ko ka biya a yi maka sikanin, ka tura wa kanka ta imel don ko waya ta ɓata suna nan. Fotokwafi kake rabawa. Ta asali nunawa ake yi a dawo maka da ita nan take, duk mai aikin da ya ce zai riƙe satifiket ɗinka ko fasfo "don tsaro" ka yi masa sallama.

Toh sai CV. Shafi ɗaya ya isa ga wanda bai daɗe da gama makaranta ba, biyu ga mai shekaru a aiki. Suna kaman yadda yake a Ghana Card, lambar waya wadda take kunne kullum ba ta budurwarka ko ta ƙaninka ba, da imel mai sunanka, ba irin laƙabin da ake kiranka da shi a bes, wato majalisar samari, ba. Ka mayar da shi PDF, ka sa wa fayil ɗin sunanka. Kuma kada ka ba yaron kafe ya kwafo na wani ya canja suna kawai, manajoji sun gaji da ganin jimloli iri ɗaya, kowa mai ƙwazo ne kowa yana aiki cikin matsi, sun daina karanta wajen.

Abin da ya fi ba ni haushi shine matashi ya ce "ni ai ban taɓa aiki ba" alhali tun yana ɗan shekara goma sha biyar yake tsaron shagon kawunsa a Kasuwa Mamudu, shi ke karɓar kaya daga dila, shi ke rubuta bashi, shi ke rufe lissafi da daddare. Wannan aiki ne, ka rubuta shi, ka faɗi shekarun da ka yi da abin da ke hannunka. Wadda ta zauna a rumfar MoMo shekara biyu ba a taɓa samun gibi a kuɗinta ba ta fi mai digirin da bai taɓa ƙirga kuɗin wani ba dacewa da aikin kashiya, amma sai ta faɗa a takarda za a sani. Wanda ya koyar da yara a makarantar unguwa, wadda take karɓar susu na ƙungiyar mata tana rubutawa a littafi, wanda ya yi wa ɗan takara rajistar mutane lokacin zaɓe, duk ku sa. Ƙarya ce kawai ba a so, don tambaya biyu za su yi maka ta fito fili.

Harsuna ma haka. Yaron zango na jin Hausa, yana jin Twi, yana jin Ga, ga Turanci, wani ya ƙara da Zabarmanci ko Dagbani ko Faransancin da ya tsinta wajen dangin uwa a Lome ko Wagadugu, wani ga Larabci. Mu ba ma ɗaukarsa komai don kowa a layinmu haka yake. Amma kamfanin da ke sayar wa 'yan kasuwar albasa na Adjen Kotoku ko 'yan shanu na Tulaku kaya, da masu fiton kayan Nijar da Burkina a tashar jirgin ruwa ta Tema, da ƙungiyoyin da ke shiga unguwanni yin tambayoyi, da ofisoshin amsa kiran kwastoma, suna neman mai bakin nan ruwa a jallo. Ka rubuta kowane harshe, ka nuna wanda kake magana kawai da wanda kake iya rubutawa.

Maganar adireshi kuma, na san wasu suna rubuta Kanda ko Kokomlemle a maimakon Nima don gudun irin kallon da ake yi mana. Ban ga laifin mai jin tsoron ba, abin yana faruwa. Amma a CV "Accra" kawai ta wadatar, in an kai ga cike fom kuma ka faɗi gaskiya, don ranar da za su turo mutum ya ga gidanku ko gidan garantonka ƙaryar ce za ta kore ka ba unguwar ba.

Yanzu ka shirya zuwa wajen mutane, kuma a nan ne yawancin aikin Accra ke fitowa, tun kafin a buga talla an riga an ce wa ma'aikatan ciki "ku kawo wanda kuka yarda da shi". Sai dai akwai yadda ake roƙo. Kada ka tare babban mutum a ƙofar masallaci bayan Juma'a mutane na miƙa masa hannu ka ce "Alhaji a taimaka mini da aiki, ko wane iri ne". Ko wane iri ba aiki ba ne, ka ɗora masa nauyin tunanin da kai ya kamata ka yi, zai ce "Allah ya kawo" ya shiga mota ya manta. Ka je gida ko shago lokacin da ba cunkoso, ka gaisa yadda ya kamata, ka tambayi iyali, sannan ka ce "Alhaji, ni ɗan wane ne na layin kaza. Na gama karatun akanta, na yi sabis a asambili, ina neman aikin sito ko na lissafi. Na ji kana hulɗa da masu kamfani a Spintex, in ka ji suna neman mutum ga takardata, kuma in ka yarda zan turo maka ta WhatsApp don ta yi sauƙin turawa." Ka ga yanzu ya san me zai ce in an tambaye shi. Bayan mako biyu ka sake leƙawa da gaisuwa, ba kira sau biyar a rana ba. In abin ya yiwu ka koma ka yi godiya, in bai yiwu ba ma ka koma ka faɗa masa yadda aka yi, mutane na son su ji ƙarshen abin da suka sa baki a ciki.

Kuma ba Alhazai kaɗai ba. Hajiyar da ke kai waakye ofisoshin Ridge da Airport ta fi kowa sanin inda sakatariya ta tafi haihuwa. Mai gadi ya san ranar da aka kori direba. Abokin karatunka da ya samu wuri bara shi ne zai fara jin za a ƙara mutane. Zaman bes da shan ataya ba laifi ba ne, labari na yawo a wajen, amma in duk waɗanda kuke zama tare ba mai aiki a cikinsu to labarin aiki ba zai biyo ta nan ba, ka ƙara wani wajen zaman.

Ka kuma taka da ƙafarka. North Industrial Area, titin Spintex, masana'antun Tema, manyan shagunan mol, gidajen mai, makarantun kuɗi, asibitocin kuɗi. Da safe ake zuwa, cikin shiga mai tsabta, ambulan a hannu. Mai gadin get shi ne intabiyu ɗinka na farko, ka gaishe shi da mutunci ka tambaye shi wa ke karɓar takardu kuma wace rana ya fi zama, in ka raina shi ambulan ɗinka ba za ta wuce ɗakinsa ba. Daga watan Oktoba zuwa Disamba shaguna na ƙara hannu saboda cinikin Kirsimeti, makarantu kuma kafin a koma sabuwar shekarar karatu, irin aikin wucin gadin nan da yawa shi ke zama na dindindin ga wanda aka ga ƙoƙarinsa.

Intanet na da amfaninta, Jobberman, LinkedIn, shafukan kamfanonin kansu, har Jiji ana sa ƙananan ayyuka, jaridar Daily Graphic ma har gobe a nan manyan ma'aikatu ke buga talla. Shawarata ɗaya ce, gara ka tura biyar da ka karanta tallar da kyau ka gyara wasiƙarka ta dace da kowanne, da ka watsa hamsin iri ɗaya ka ƙone data. Wasiƙar gajeriya, ga aikin da nake nema, ga inda na gani, ga abu biyu da na taɓa yi da suka yi kama da shi. In sun ce a rubuta sunan aikin a kan saƙon imel ka rubuta, wasu da wannan kaɗai suke zubar da rabin masu nema. Ka riƙe ɗan littafi kana rubuta inda ka tura da rana, don kada a kira ka ka ce "wane kamfani ne ma?" Waɗanda ka sa a matsayin masu shaidarka kuma ka gaya musu tun wuri.

Aikin gwamnati lokaci gare shi, ba a ɗauka sai ma'aikatar kuɗi ta ba da izinin biyan albashi, abin da kake jin nas-nas da malaman da suka gama karatu suna zaman dirshan a kai ke nan. Soja, 'yan sanda, shige da fice, kwana-kwana da gidan yari duk ana sanar da buɗe shafin neman shigarsu, ka sayi bauca a inda sanarwar ta ce, ka cike da kanka ko ka zauna kusa da mai cike maka kana kallon kowane harafi. Ka karanta sharuɗɗan shekaru da tsawo da sakamakon jarrabawa kafin ka kashe kuɗinka. Ranar tantancewa ka je a ranar da aka ba ka, kada ka shiga matsi a bakin get, ranar 12 ga Nuwamba 2025 mutum 6 suka rasu a turmutsutsu a filin El-Wak wajen tantance masu son shiga soja, Allah ya ba iyalansu haƙuri. Akwai kuma YEA, hukumar samar wa matasa aiki, da cibiyoyin neman aiki na Labour Department, rajista a wajensu ba ta hana ka neman wani, ka yi ka ajiye.

Sai maganar furotokol. Wani zai zo ya ce yana da gurbi a hannun wani babba, kawo sidi dubu kaza a sa sunanka, uwa ta sayar da zannuwanta da sarƙarta a haɗa, daga nan waya ta daina shiga. Ka riƙe wannan, banda kuɗin bauca da aka sanar a hukumance, aikin da aka ce sai ka biya kafin a ɗauke ka ba aiki ba ne, kai ne cinikin. Saƙo zai shigo wai an zaɓe ka a wani kamfanin da ba ka taɓa tura wa takarda ba, turo kuɗin gwajin lafiya ko na yunifom ta MoMo, in ka sa lambar sai ka ga sunan wani mutum ya fito ba na kamfani ba, a nan za ka tsaya. Wasu kuma za su kira ka tirenin a wani gida can bayan gari, a yi ta tafi ana nuna hotunan motoci, ƙarshenta ka sayi kaya ka kawo mutum biyu su ma su kawo biyu-biyu. Irin na waya da intanet ana kai ƙararsu ga hukumar tsaron intanet ta lamba 292, ka kai ko ba ka yi asara ba don na bayanka.

'Yan'uwa mata, ku wannan ta fi shafa, maganar tafiya aikatau ƙasashen Larabawa. A 2017 gwamnati ta dakatar da ɗaukar 'yan aikin gida zuwa ƙasashen Gulf saboda irin labaran da ke dawowa, amma masu koneshan ba su daina ba, ta Togo ko wata ƙasar suke bi da mutane. Akwai waɗanda suka je suka dawo da abin arziki, akwai waɗanda aka karɓe fasfonsu a filin jirgi suka yi shekara biyu ba su ga titi ba. In har kin ƙudura, ki tabbatar ejan ɗin na da lasin daga Labour Department, ki ga kwantiragin da idonki cikin harshen da kike ji, albashi nawa, hutu yaushe, wa zai biya jirgin dawowa, ki bar kwafi a gida tare da kwafin fasfo, ki haddace lambar ofishin jakadancin Gana na can. Ejan da ya ce "kada ki gaya wa kowa sai kin isa, saboda baki", kin dai ji.

In an kira ka intabiyu, ka je ka ga wajen kwana ɗaya kafin ranar in ba ka san shi ba, don go-sulo na Circle ko Tetteh Quarshie da safe ba ya jin uzuri, in kuma hadari ya haɗo ka ƙara awa ɗaya. Ka binciki me kamfanin ke sayarwa da su waye kwastomominsa. Tambayar farko kusan kullum ita ce ka ba mu labarin kanka, da Turanci, to ka yi ta maimaitawa da ƙarfi a ɗaki ko gaban ƙanwarka har bakinka ya saba, minti ɗaya zuwa biyu, karatu, abin da ka taɓa yi, dalilin da ya kawo ka, ba tarihin yadda kakanka ya zo daga Sakkwato da fataucin goro ba. Ka kiyaye burokan, wato Turancin titi, kada ya kutso.

Akwai abin da tarbiyyarmu ke jawo mana a ɗakin nan ba mu sani ba. An koya mana sunkuyar da kai gaban manya, da rage murya, da rashin yabon kai. A gida ladabi ne, a gaban masu intabiyu kuwa sai su ɗauka ba ka da tabbas ko kana ɓoye wani abu. Ka ɗaga kai ka dubi mai tambaya, ka faɗi abin da ka iya kai tsaye, ba alfahari ba ne amsa ce. In suka ce yaushe za ka iya farawa, ka ce in sha Allah amma ka haɗa da rana. Kada ka zagi tsohon maigidanka ko da ya cuce ka, Accra ƙarama ce.

Sallah da hijabi, gara a yi maganarsu kafin a sa hannu da a zo ana rigima daga baya. Juma'a ranar aiki ce a Gana, to bayan sun nuna suna sonka ka ce kana so ka haɗa hutun cin abincinka na ranar da zuwa masallaci, za ka dawo ƙarfe kaza, yawanci ba sa ƙi in ka zo da tsari, kai kuma ka cika alkawari kada Juma'a ta zama har la'asar. 'Yar'uwa ki je intabiyu da irin shigar da za ki dinga zuwa aiki da ita, ki tambaya ko akwai yunifom da yadda za a haɗa shi da ɗankwali. Tsarin mulkin 1992 ya hana nuna bambanci saboda addini, kuma CHRAJ, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam, na karɓar irin wannan ƙorafin.

Albashi kuma ka yi lissafi kafin murna. Ka tambaya adadin da suka faɗa kafin a cire haraji da SSNIT ne ko wanda zai shigo hannu. Misali an ce sidi 1,500 a wata, aikin yana Tema kai kana Fadama, in tirotiro zuwa da dawowa na cin sidi 30 a rana, kwana 22 ya kama 660, ba ka ci abincin rana ba tukuna. Wani lokaci aikin 1,200 da za ka taka da ƙafa ya fi shi. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa a 2025 sidi 19.97 ne a rana, kowa ya san ba ya riƙe mutum a Accra, amma ƙasa da shi saɓa doka ne. Ka tambayi kuɗin obataim, kuɗin mota, da tsawon watannin gwaji da abin da za a biya ka a cikinsu. Masu tuƙin Bolt ko Yango da motar wani, da masu tsarin biya-ka-mallaka, ku rubuta komai, nawa ne sel na mako, wa ke gyara in inji ya lalace, wa ke biyan inshora, me zai faru in ka yi rashin lafiya mako biyu, a sa hannu gaban shaidu ko da mai motar ɗan'uwanka ne, musamman ma in ɗan'uwanka ne.

Dokar ƙwadago ta 2003, wadda ake kira Act 651, ta ce aikin da zai kai wata shida ko fiye sai da kwantiragi a rubuce, kuma cikin wata biyu da fara aiki mai aikin ya ba ka takardar da ke nuna sharuɗɗan. Awa 8 a rana ko 40 a mako, hutun shekara aƙalla ranakun aiki 15 da albashinka, hutun haihuwa aƙalla mako 12. Ma'aikacin wucin gadi da ya yi wata shida a jere wajen mutum ɗaya, doka na kallonsa a matsayin na dindindin. SSNIT kuma ana cire kashi 5.5 daga albashinka, mai aikin ya ƙara kashi 13 daga aljihunsa, kuma sai ka tara wata 180 kafin ka cancanci fansho. Wasu na cirewa a takarda ba sa kaiwa, to bayan wata uku ka je ofishin SSNIT da Ghana Card ka ce a buga maka bayanin asusunka. Na san ba kowane shago a Makola ko Tudu zai ba ka kwantiragi ba, a irin wajen ko saƙon WhatsApp ne ka sa maigidan ya rubuta maka albashi da ranar biya ka adana. In rigima ta taso, National Labour Commission ake kai ƙara, kuma abin da za su fara tambaya shine me kake da shi a rubuce.

Garanto, kada ka ɗauke shi wasa. Wanda ya sa maka hannu ya yarda in ka gudu da kuɗi ko kaya shi za a kama, don haka ka kai masa fom ɗin ya karanta ko a karanta masa, kada ka ce "Kawu sa hannu nan kawai". In ya ƙi kada ka yi fushi, wataƙila wani ya taɓa ƙona shi.

Wanda yake da aiki a hannu yana neman canji kuma, kada ka ajiye na farko sai takardar ɗauka ta sabon ta shigo hannunka da ranar farawa a jiki, "ka zo ranar Litinin" ta baki ba ta isa ba. Ka duba kwantiraginka ka ga notis nawa aka ce, in ba a faɗa ba doka ta ce wata ɗaya ga kwantiragin shekara uku ko fiye, mako biyu ga wanda bai kai ba, kwana bakwai ga na mako-mako. Ka rubuta takardar ajiye aiki ka riƙe kwafin da aka sa wa hannu, ka miƙa makullai da kaya da lissafi gaban shaida, ka nemi takardar shaidar aiki tun kana ciki don bayan ka fita sai ka yi ta sintiri. In wajen masta ne ko shagon wani babba a unguwa, ka ɗauki wanda ya kai ka tun farko ku je tare ku yi sallama, don sabon wajen in za su bincike ka shi za su fara kira.